Daga Tsafe Zuwa Galmi: Tafiya Kan Sawun Iri Mai Ƙamshi

Duk amfanin gonar da ake saye don ƙamshinsa ko yajinsa, kamar attarugu da albasa da citta da daddoya, darajarsa a kasuwa tana rataye ne da abu guda: na bana ya zo daidai da na bara. Mai tuwon sayarwa da ta saba da albasar wani gari ba ta komawa wurin dillalin da ya taɓa kawo mata lami. Ƙamshi gado ne da ke tafiya cikin iri, ƙasa da ruwa da yanayi kuma su ƙara shi ko su rage. Ba ya tsayawa daram sai inda manoma suka san uwar da za su zaɓa, suka raba ta da baƙon iri, suka kuma adana 'ya'yanta yadda ya kamata. Hanyar motar da ta tashi daga Tsafe, ta ratsa Gusau da Bungudu da Talata Mafara da Sakkwato, ta tsallaka iyaka a Illela ta kai Galmi a Jamhuriyar Nijar, tana nuna wannan aiki zango bayan zango. Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da lambuna suka cika, albasar iri kuma ta yi fure.

Tashi daga Tsafe

Tsafe ce ƙofar Zamfara ga wanda ya fito daga Funtuwa. Kusa da ita akwai 'Yandoto, tsohon garin malamai da ya yi suna tun kafin jihadi, shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin da 'Yandoton Tsafe. Motocin haya ba sa barin tasha sai gari ya waye sosai, kuma kowane direba burinsa ya isa inda za shi kafin la'asar sakaliya, saboda 'yan bindiga da suka addabi wannan hanya shekara da shekaru. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, ga aikin mayar da titin tagwaye, don haka tafiyar da ba ta kai kilomita 60 ba zuwa Gusau takan ci lokaci fiye da tsawonta.

Matakin farko na gyaran iri a gidajen manoma yake, kuma shi ne mafi tsufa. Manomin barkono yakan bi gonarsa kafin tsinka ta farko, ya ɗaura ƙyalle a jikin gindin da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, ya hana a taɓa shi sai ya nuna jawur. Daga nan aikin ya koma hannun uwargida: ita ke shanya shi a inuwa, ta fasa, ta gauraya irin da toka, ta zuba a gora ko kwalba ta toshe. Iyalin da suka yi shekara talatin suna haka, sun mallaki irin da ya san ƙasarsu, wanda ba a samunsa a shagon kowa.

A nan ne rashin tsaro ya yi ɓarnar da ba kasafai ake lissafa ta ba. Ƙauyen da aka tasa ba rumbun hatsi kaɗai ya rasa ba, har da gorar irin da ke rataye a ɗaki. A watan Satumba na 2021, da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma yanke layukan waya, musayar iri tsakanin ƙauyuka ta tsaya cik na wani lokaci. Manomin da ya koma gona bayan gudun hijira, dole ya sayi abin da ya tarar a faifan mai talla, bai san uwarsa ba balle kakarsa.

Kafin a shiga Gusau, Dutsen Kwatarkwashi yana tsaye a gefen hanya, baƙi ƙirin, ana hango shi tun daga nesa. Duk inda mota ta ɗan tsaya, 'yan talla sukan kewaye ta da gyaɗa da rake da ƙuli-ƙuli da daddawa. Ita daddawa tana tuna wa matafiyi cewa ba kowane ƙamshi ne daga iri ba. Kalwa ba ta da wannan ƙamshi a jikin ɗorawa; dafuwa da rufi na 'yan kwanaki ne ke haifar da shi, ta hanyar ƙananan halittun da ke ruɓar da ita. Mai neman ƙamshi tabbatacce dole ya rarrabe abin da iri ya bayar da abin da hannu ya ƙara.

Kwana a Sabon Garin Gusau

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, a bakin Gulbin Sakkwato. Garin ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, layin da ya kai Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Tare da jirgi ne ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo, Sabon Gari ya zama mazauninsu. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Gusau ta zama babban birnin sabuwar Jihar Zamfara.

Baƙo ba ya rasa masauki a Sabon Gari da kewayenta, daga ƙananan gidajen kwana masu fanka zuwa otal mai injin wuta, kuma abin da ya fi raba farashinsu shi ne awa nawa za a kunna injin da dare. Amma ɗan kasuwar da ke da sanayya, gidan abokin cinikinsa yake sauka, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a fito masa da tuwon dawa miyar kuka. Da safe akwai waina da kunu, akwai kuma hoce, wanda mutanen Zamfara da Sakkwato suka fi kowa iyawa. Da yamma unguwar takan cika da hayaƙin tsire da balangu, ga kuma gidajen abincin 'yan Kudu da ke sayar da sakwara da farfesun da ya sha ganyen daddoya.

Layin masu kayan yaji a kasuwa shi ne makarantar hanci. Mai saye ba ya tambayar farashi sai ya murza ganye ko ya ɓare citta da farce. Mai kaya kan ce, "Hajiya, shinshina ki ji, wannan ba irin na jiya ba ne." Abin da hancinta ke kamawa wasu sinadarai ne masu saurin tashi a iska, waɗanda tsiro ke haɗawa don korar ƙwari ko janyo ƙudan zuma. Mafi yawansu na cikin dangin da masana ke kira tarfin. Limonin ne a ɓawon lemo, mantol a wasu nau'o'in na'a-na'a, citta kuma tana da nata. Daddoya ta fi su ban sha'awa: gindi biyu za su yi kama ta kowace fuska, amma ɗaya ya rinjaya da sinadarin taimol, ɗaya da yujinol, wanda shi ne ƙamshin kanumfari. Bambancin a cikin gadonsu yake, kuma taki ko ban-ruwa ba ya mayar da wannan ya zama wancan.

Kayan da ke kan teburin sun kasu gida biyu. Na farko su ne waɗanda ake dasawa daga jikin uwa: na'a-na'a daga saiwa, citta da tafarnuwa daga ɓare, daddoya ma takan kama daga reshe. Irin waɗannan ɗa kwafin uwarsa ne, ƙamshinsa ba ya sauka daga layi. Cittar da ake kawowa daga Kaciya da sauran kudancin Kaduna, Tafin Giwa da Yatsun Biri, da haka ta riƙe halinta tsawon zamani. Sai dai wannan daidaito yana da farashinsa: idan gonaki duka jini ɗaya ne, cuta ɗaya ta ishe su. An ga haka a damunar 2023, lokacin da cutar ruɓewa ta cinye yawancin cittar kudancin Kaduna, farashinta ya yi tashin gwauron zabo har a kasuwar Gusau. Gida na biyu su ne masu fitowa daga ƙwayar iri, kamar barkono da albasa da shinkafa, inda kowane ɗa ke gadon ɓangare biyu. Sauran tafiyar duk a kansu take.

  

Lambunan Bungudu

Daga Gusau zuwa Bungudu tafiya ce 'yar gajeriya a kan hanyar Sakkwato. Garin yana bakin gulbi, kuma da rani fadamarsa takan yi kore shar da tumatir da tattasai da albasa da rake, ƙarar injunan ban-ruwa tana tashi tun da hantsi. Baƙon da ya yi sallama a bakin lambu ba ya tafiya hannu sake. Kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, an ce masa, "Sannu da rana, Malam, bisimilla ga inuwa," an yanko masa rake, in an yi sa'a ga fura da nono daga 'yar Fulanin da ke wucewa. Kayan lambu a bakin fangali sun fi na kasuwar Gusau araha nesa ba kusa ba, domin babu kuɗin mota da lada da asarar hanya a kansu.

Matsalar da ake gani a waɗannan lambuna ita ce maƙwabtaka. Barkono yawanci furensa kan yi wa kansa barbara, amma ƙudan zuma na ɗaukar garin fure daga wannan fangali zuwa wancan. Tattasai da shambo jinsi ɗaya ne, don haka suna haɗuwa cikin sauƙi, kuma zafi ya fi rashin zafi ƙarfi a gado. Abin da ke ruɗar manomi shi ne, ɗan da ya tsinka a wannan shekara ba ya nuna komai. Sai ya shuka irinsa baɗi, tattasan ya fito da zafin da ba a san shi da shi ba, ko siffarsa ta lalace. Magani shi ne a ware fangalin iri nesa da sauran, ko a rufe 'yan gindin da aka zaɓa da gidan sauro kafin su yi fure, a kuma tumɓuke duk wanda ya saɓa da 'yan'uwansa.

Zafi da ƙamshi kuma ba abu ɗaya ba ne. Zafin daga sinadarin kafsaisin yake, wanda ke taruwa a farin naman da ke riƙe da ƙwayoyin iri, ana kuma auna shi da ma'aunin da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912. Dangin attarugu sukan kai daga 100,000 zuwa 350,000 a wannan ma'auni, koren tattasai mai zaƙi kuwa sifili. Ƙamshin attarugu daga wasu sinadarai dabam yake, shi ya sa wanda ya zaɓi iri don zafi kawai zai iya wayar gari da barkono mai ƙuna amma babu ƙamshi. Rawayan attarugun Nsukka a Jihar Inugu ya yi suna ne da ƙamshinsa, kuma saboda shi ake biyansa fiye da sauran. Masu mangwaro a bakin gulbin sun daɗe da gane hanyar kauce wa wannan caca: ba sa dogara da ƙwallo, aure suke yi wa bishiya da reshen wadda aka san daɗinta.

Shinkafar Bakalori

Bayan Maru da mararrabar Mayanci sai Talata Mafara, inda kasuwa ke ci ranar Talata, direbobi kuma ke tsayawa cin abinci da salla. Kusa da nan ne madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato da nufin shayar da kimanin hekta 23,000. Mutanen yankin ba su manta da rikicin diyya na Afrilun 1980 ba, wanda manoma da dama suka rasa rayukansu a ciki. Yau shinkafa ce sarauniyar wurin, kuma ana samunta a mudu da rahusa fiye da Gusau, musamman bayan girbi.

Shinkafa ta fi barkono kamun kai, domin furenta kan gama barbara kusan kafin ya buɗe. Gurɓacewarta ba daga iska take zuwa ba, daga hannun mutane ne: masussuka ɗaya ga iri uku, buhun aro, da 'ya'yan bara da suka zube a fangali suka tsiro cikin na bana. Ingantattun iri masu sunan FARO, waɗanda cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja ke da alhakinsu, sukan rikiɗe cikin 'yan shekaru a hannun manomin da ba ya cire baƙi.

Ƙamshin shinkafa irin na basmati ta Indiya da Pakistan, da na shinkafar Tailan, yana da darasi na musamman. Ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi, kuma ba ya bayyana sai tsiro ya gaje ta daga uwa da uba duka. In aka haɗa mai ƙamshi da marar ƙamshi, 'ya'yan farko ba sa nuna shi yadda ya kamata. A jikoki ne kusan ɗaya cikin huɗu ke dawowa da shi. Wannan ita ce ƙa'idar da Gregor Mendel ya wallafa a 1866 bayan gwajinsa da wani nau'in wake. Daga nan mai gyaran iri zai ci gaba da zaɓe har zuriya shida ko bakwai kafin layin ya zauna. Wannan ne dalilin da ya sa fitar da sabon iri kan ci shekaru, ɓata shi kuwa damina biyu ta isa.

Sakkwato da kasuwar albasa

Daga Mafara hanya ta bi ta Lambar Bakura da Tureta da Dange da Shuni ta shiga Birnin Shehu. Sakkwato ta fi Gusau zafin rana da faɗin tituna, masaukanta sun fi yawa, kuma baƙo ba ya barin garin bai ziyarci Hubbaren Shehu ba. Mai bin sawun iri kuwa, kasuwar Ramin Kura zai nufa, inda albasar Gada da Goronyo da Wurno da Kware ke sauka, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Aliero ta Jihar Kebbi ma cibiya ce babba ta wannan ciniki.

Farashin albasa yana bin kalandar shekara ba ya kuskure. A watannin Maris da Afrilu, lokacin kaka, buhu kan faɗi warwas. Daga ƙarshen damina zuwa Disamba kuwa yakan ninka sau da yawa. Riba tana hannun wanda ya iya ajiya, shi ya sa ake gina rudu, rumfar kara da itace da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa. A nan ne yaji ke zama kuɗi: albasa mai yaji, mai tauri, marar yawan ruwa, ita ce ke jure watanni a rudu, mai zaƙi da ruwa kuwa da wuri take ruɓewa. Yajin nata ba daga tarfin yake ba, daga sinadaran farar wuta ne da take zuƙa a ƙasa, waɗanda ke tashi idan wuƙa ta yanka ta har su sa hawaye. A shekarun baya-bayan nan ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta Najeriya ta sha kokawa kan gurɓataccen irin da ake sayar wa manoma, wanda kan yi ganye lif amma ya ƙi yin kai. Da aka tambayi inda ake samun iri na amana, sunan da ya fi fitowa a bakin mutane shi ne Galmi.

Tsallaka iyaka

Hanyar arewa ta bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, kimanin kilomita 85. An rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka sake buɗe ta a Maris 2024. Bayan duba takardu, 'yan mintoci ne a babur ko mota zuwa Birnin Ƙonni. Harshe bai canza ba, sutura ma haka, kuma gidaje da yawa suna da dangi a ɓangarorin biyu. Abin da ke canzawa nan take shi ne lissafi. Ana ƙirga sefa da dala, wato faran 5, don haka dala ashirin faran 100 ke nan, jika kuma faran 1,000. Da yake sefa a ɗaure take da kuɗin Turai a kan 655.957 ga yuro ɗaya, naira kuwa ta sha faɗuwa, ɗan Gusau yakan ji tsadar abinci da masauki da zarar ya bar wurin 'yan canji. Karin kumallo ya koma dogon burodi da madara, da rana shinkafa da miya ko dambu da zogale, shayi kuma ba ya sauka daga kan gawayi, ana zuba wa baƙo na ɗaya da na biyu da na uku.

Galmi

Daga Ƙonni babbar hanyar da ta nufi Maraɗi ta bi ta Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, sai Malbaza mai masana'antar siminti, sai Dogarawa, sannan Galmi. Ƙasar tudu ce mai jan dutse, amma kwarin Magiya da ke ratsa ta yana da laka mai kyau da ruwa kusa. Garin ƙarami ne, sananne da asibitin mishan da aka buɗe a 1950, wanda har 'yan Najeriya ke zuwa, amma albasa ce ta kai sunansa Akra da Kumasi da Abijan da Kwatano. Nijar ce kan gaba wajen fitar da albasa a Afirka ta Yamma, kuma Jihar Tawa ce uwa a wannan noma. Fataken da ke zuwa saye gidan maigidansu suke sauka, shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne kuma mai lamuni tsakaninsu da manoma. Ba abin da ake yarwa: lawashi ma ana daka shi a dunƙula gabu a shanya don miya.

Albasar Galmi ja ce mai sirkin shunayya, mai ɗan faɗi, mai yaji, mai jure ajiya. Manoman kwarin ne suka reno ta tun kakanni. A shekarun 1960 masu binciken cibiyar IRAT ta Faransa suka tace ta suka fitar da ita da sunan Violet de Galmi, daga baya aikin ya koma hannun cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da aka kafa a 1975, mai tasha a Tarna kusa da Maraɗi.

Albasa ta fi duk tsirran da aka wuce wuyar tsarewa, domin furenta ya dogara ne da ƙudan zuma da ƙudaje, kuma rayuwarta zango biyu ce: shekarar farko ta yi kai, ta biyu ta yi fure. Manomin iri na gaskiya yakan zauna gaban tsibin albasarsa bayan girbi, ya tsamo masu launi ɗaya da siffa ɗaya, masu siririn wuya, waɗanda ba su rabu biyu ba. Sai ya sa su a rudu su sha damina. Ajiyar kanta jarrabawa ce, domin duk wadda ta ruɓe ko ta tsiro da wuri ta fitar da kanta. Waɗanda suka tsira ne ake dasawa idan sanyi ya kama, su fitar da kara mai farin fure a dunƙule, a yanke kawunan idan baƙaƙen ƙwayoyin sun fara leƙowa. Ƙa'idar masu samar da iri ita ce a bar tazarar mita 500 zuwa kilomita 1 ko fiye tsakanin gonar iri da wata albasar dabam da ke fure. Irin kuma ba ya son tsufa. Bayan shekara guda a zafi, tsirowarsa kan ragu ƙwarai.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita ce ke kashe iri. Cikin kowace gona wasu gindin sukan yi fure tun a shekarar farko idan sanyi ya yi yawa. Irinsu ba ya buƙatar ajiya ko jira, don haka yana da araha. Amma wanda ya tara shi ya zaɓi mafi munin hali ne ya yaɗa, domin 'ya'yan za su gaji saurin fure, kawunansu su zo da ƙaton kara a tsakiya, ba sa kyau a kasuwa ba sa zama a rudu. A irin wannan ne akan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, alhali laifin na hannun da ya ɗebi irin ne. Ƙasa ma tana da nata rabo: iri ɗaya zai fi yaji a ƙasa mai wadatar farar wuta da ban-ruwa daidai kima, ya yi sanyi a inda aka cika masa ruwa.

Suna mai daraja yana da masu kwaɗayinsa. A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri da ke Senegal ya nemi hukumar kare haƙƙin mallaka ta OAPI, mai hedikwata a Yawunde, ta ba shi haƙƙi a kan wannan suna. Manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, buƙatar ta faɗi. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardun rajistar da ta ɗaure sunan albasar Galmi, tare da na kilishin Nijar, da yankin da suka fito da kuma ƙa'idojin samar da su.

Abin da ya rage ga Zamfara

Wanda ya juyo gida ta wannan hanya zai ga cewa ƙasar Bungudu da ta Bakalori ba su gaza kwarin Magiya ruwa ko albarka ba. Abin da Galmi ta fi su da shi tsari ne: iri ɗaya da kowa ya san siffarsa, manoman da sana'arsu ita ce samar da shi, da ƙungiyar da ke kare sunansa. Kayan aikin yin haka suna nan a Najeriya. Akwai cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, da ta kayan lambu mai hedikwata a Ibadan da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a cikin jihar kanta. Hukumar kula da iri ta ƙasa tana tantance iri tana sa masa tambari, kuma tun 2021 akwai dokar kare haƙƙin masu fitar da sabon iri. Matakin farko bai buƙatar jiran kowa: manoman fadama ɗaya su amince da nau'i ɗaya na barkono ko albasa, su ware fili nesa don iri, su damƙa shi ga mutum biyu ko uku da aka yarda da su, su rubuta sunan uwa da shekara a jikin kowace kwalba. Su kuma ajiye kaso a hannun 'yan'uwa a cikin Gusau ko wani gari mai aminci, domin ko an tashi ƙauye, irinsa ya tsira a sake shuka shi.